Shagon da Ke Tafin Hannunka

Karatu: Nehemiya 6:1-16 da Matiyu 25:14-30

Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu a natse. In wayarka tana kusa, ka kifa ta tukuna, gama a kanta za mu yi magana yau.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata 'yar'uwa daga ƙungiyar mawaƙa ta tsaya jirana a bakin ƙofa. Tana sayar da atamfa da leshi da takalma ta WhatsApp. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Mai bishara, ka yi mini addu'a. An ɗaure mini kasuwa. Shekara biyu ina fama, kullum jarin raguwa yake yi." Muka zauna a benci na yi mata addu'a da dukan zuciyata, gama na gaskata akwai yaƙin ruhaniya, na kuma ga Ubangiji yana tsinke sarƙoƙi da idona. Da muka ce amin, sai Ruhu Mai Tsarki ya sa mini tambayoyi uku a baki. Na ce, "'Yar'uwa, nawa ne jarinki a yau? Nawa kika ci riba a watan jiya? Ƙarfe nawa kike fara aiki, ƙarfe nawa kike tashi?" Ta yi shiru. Ko ɗaya ba ta iya amsawa ba. Na roƙe ta ta buɗe wayar mu duba tare. Muka tarar da saƙon mutum uku masu tambayar farashi, kwana biyu ba a amsa musu ba. Muka shiga wurin da waya take nuna yawan lokacin da aka yi a kanta, sai ga sa'o'i masu yawa kowace rana sun tafi a kallon bidiyon barkwanci da rigimar mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Da izininta nake ba da wannan labari, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, kira kawai muke yi da ita, muna ƙirga minti. Yau cikin ikilisiyarmu akwai mai sayar da acca da zuma ta Facebook, akwai mai ɗinki da take samun oda ta Instagram, akwai mai zana katin biki a kwamfuta, akwai mai sayar da data, akwai mai koyar da girki a YouTube, akwai mai rubutu a intanet. Iyayenmu sai sun je Kantin Kwari ko Kasuwar Barci ko Taminus kafin su ga mai saye. Kai kuwa shagonka yana tafin hannunka. Babu maigidan da zai tambaye ka don me ka makara, babu ƙararrawar da za ta ce maka lokacin tashi ya yi. Wannan 'yanci albarka ne daga wurin Allah, gwaji ne kuma. Mutumin da ba wanda yake tsaye a kansa, halinsa na gaskiya shi ne yake fitowa.

Sana'arka tana gaban Allah

Abu na farko da nake so ya zauna a zuciyarka shi ne, Ubangiji bai raba rayuwarka gida biyu ba, wato Lahadi tasa, Litinin zuwa Asabar taka. Lokacin da muke makarantar tauhidi, wani abu ya ba ni mamaki a Fitowa sura 31. Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, amma aikin da ya ba shi na hannu ne: ƙira da zinariya da azurfa da tagulla, sassaƙar duwatsu da itace. Mu masu ƙaunar cikar Ruhu, mu lura da wannan. Ruhun da yake ba da harsuna da annabci, shi ne yake ba da gwaninta a sana'a.

Manzo Bulus maɗinkin alfarwa ne. A Koranti ya zauna tare da Akila da Bilkisu domin sana'arsu ɗaya, suna aiki tare, ran Asabar kuma ya shiga majami'a ya yi wa'azi (Ayyukan Manzanni 18:1-4). Ya tuna wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa. Lidiya, mutuniyar Tayatira, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu ruwan shunayya, kaya masu tsada a zamaninsu. A bakin kogi wurin addu'a Ubangiji ya buɗe zuciyarta a Filibi, gidanta kuma ya zama masaukin manzanni da mataron 'yan'uwa. Ba a ce mata ta rufe kasuwa kafin ta bi Yesu ba. Kasuwarta ce ta shiga hidimar Mulki.

Saboda haka, in kana ɗaukar hoton kayanka, kana gaban Allah. In kana amsa saƙon mai saye, kana gaban Allah. Kolosiyawa 3:23 ta koya mana mu yi kowane aiki da zuciya ɗaya, muna sane cewa Ubangiji ne ainihin wanda muke yi wa. Ka ce ba ka da maigida? Kana da shi. Ba ya barci, ba ya kuma bukatar data kafin ya ga abin da kake yi.

Filin Ono yana cikin wayarka

Mu koma ga Nehemiya. Mutumin nan mai shayarwa ne a fadar sarkin Farisa, ya bar daɗin fada ya zo Urushalima don ya sāke gina garun da ya rushe. A sura ta 6 aikin ya kusa ƙarewa, saura a kafa ƙyamaren ƙofofi. A daidai wannan lokaci maƙiya suka canja dabara. Ba su zo da takobi ba. Tarko uku suka ɗana masa.

Tarko na farko gayyata ce. Sanballat da Geshem suka aika masa ya zo su haɗu a wani ƙauye a filin Ono su tattauna. Sau huɗu suna aikowa, sau huɗu yana ba su amsa iri ɗaya, cewa aikin da ke hannunsa babba ne, ba dalilin da zai sa ya tsaya don ya je wurinsu. Ɗan'uwana, Sanballat naka ba sau huɗu yake aikowa ba, ya fi sau ɗari a yini. Kowace ƙarar saƙo ɗan aike ne. Ka sani kamfanonin da suka yi waɗannan manhajoji da talla suke samun kuɗi, yawan zamanka a ciki shi ne yawan ribarsu. Shi ya sa bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani yake farawa da kansa, shafin kuma ba shi da ƙarshe komai yawan jan da ka yi. Ka shiga don ka sa hoton kaya, ka farga bayan awa biyu kana kallon bikin wani da ba ka sani ba. Bulus ya tsawata wa waɗansu a Tasalonika waɗanda ba su aikin kome sai shisshigi cikin al'amuran mutane (2 Tasalonikawa 3:11). In da yau yake rubutu, da yawanmu za mu ga sunanmu a wasiƙar.

Tarko na biyu ƙazafi ne. A karo na biyar Sanballat ya aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda kowa zai iya karantawa a hanya, cewa wai Nehemiya yana shirin tayarwa don ya zama sarki. Nehemiya ya ƙaryata zancen a taƙaice, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannuwansa, ya koma bakin aiki. Duk wanda yake sana'a a bainar jama'a sai an zage shi wata rana. In ƙorafin mai saye ne kuma yana da gaskiya, ka ba shi haƙuri ka gyara. In zagi ne kawai, ka amsa sau ɗaya cikin ladabi ko ka yi shiru. Kwana uku da za ka yi kana cacar baki da wani, kwana uku ne garunka ya tsaya.

Tarko na uku ya fi sauran haɗari, domin da rigar addini ya zo. Wani mai suna Shemaiya ya ce wa Nehemiya su je su ɓuya a Haikali don za a zo a kashe shi, kamar annabci ne yake yi. Nehemiya ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, biyansa aka yi. Za mu dawo kan wannan tarko nan gaba. Abin da nake so ka riƙe yanzu shi ne ƙarshen labarin: aka gama garun cikin kwana 52, har maƙiya suka gane da taimakon Allah aka yi aikin. Taimakon Allah ya sauko a kan mutumin da ya ƙi barin wurin aikinsa.

Bari in faɗa maka laifina, kada ka ce daga sama nake magana. Akwai shekarar da na fara ɗaukar gajerun saƙonnin bishara ina sa wa a Facebook. Da asuba kafin in durƙusa, hannuna ya riga ya kai ga waya don in ga mutum nawa suka kalla. In sun yi yawa in tashi da murna, in sun yi kaɗan in wuni ina fushi da iyalina. Wata rana matata ta ce mini, "Baban yara, yaushe rabon da in ji muryarka kana addu'a da asuba?" Maganar ta soke ni. Ina wa'azin Yesu ga dubban mutane, amma na daina zama da shi. Markus 1:35 ta nuna mana Ubangiji yana tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, alhali dukan gari suna nemansa. Daga ranar na daina kwana da waya a ɗaki. A falo take caji, ba na taɓa ta sai na gama da Ubangiji.

Ga shawarata gare ka. Ka ba Allah farkon safiyarka. Ka sa wa shagonka lokacin buɗewa da na rufewa, ka sanar da masu sayenka. Ka keɓe lokaci biyu ko uku a yini na amsa saƙonni, ka amsa su duka, kada wani ya kwana yana jiranka. Aikin da ya fi bukatar tunani, ko rubutu ne ko zane ko haɗa bidiyo, ka yi shi da wuri, ka kashe ƙarar saƙo har ka gama. Da sanyin safiya ake kama fara. Kafin ka kwanta ka rubuta abu uku da za ka yi gobe, don kada gari ya waye ka tambayi waya abin da za ka yi da ranarka.

Maigida zai dawo ya yi lissafi

A misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 25, maigida ya ba bawa ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma ɗaya, kowa gwargwadon iyawarsa. Kada ka raina mai talanti ɗaya. Talanti ɗaya ya kai dinari 6,000, dinari kuwa ladan ma'aikaci ne na yini guda. Wato ko wanda aka ba mafi ƙanƙanta, an danƙa masa ladan shekaru masu yawa. Wayar da ke hannunka, da lafiyarka, da ɗan abin da ka iya, da sa'o'i 24 na kowace rana, dukiya ce babba. Aya ta 19 ta ce bayan an daɗe maigidan ya dawo ya yi lissafi da su. Allahnmu mai yin lissafi ne. To, don me ɗansa zai yi kasuwa babu littafi?

Ka sayi ƙaramin littafi, ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, kowace rana. Bari mu ɗauki misali. Kin sayi turmin atamfa naira 9,000, kin sayar 11,000, kina murna kin ci 2,000. Kin cire kuɗin motar zuwa kasuwa? Kin cire kuɗin data, da leda, da ɗan acaɓan da ya kai kayan tasha, da abin da mai POS ya cira? In kin cire, wataƙila 700 ne ya rage, wataƙila ma babu. Mutane da yawa suna cin uwar kuɗi suna tsammani riba suke ci. Karin Magana 27:23 ta gargaɗi makiyayi ya san halin da garkensa yake ciki. Garkenka shi ne jarinka.

Ka raba kuɗin kasuwa da kuɗin cefane. Buɗe asusu na biyu ba wuya yanzu. Ka yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka tsaya a kansa. Daga ribar gaskiya za ka fitar da zakkarka da baikonka, ba kuwa za ka san zakkarka ba in ba ka san ribarka ba. Ka lura da masu bin ka da waɗanda kake bi bashi, ka rubuta su da kwanan wata. In kana da yaron da yake kai maka kaya ko wanda yake haɗa maka bidiyo, ka biya shi a kan lokaci, gama Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Bayin nan biyu masu aminci sun juya abin da aka ba su har ya ninka. Kai ma dole ka yi girma. Ka zaɓi abu ɗaya da za ka ƙware a kansa cikin wata uku masu zuwa: ɗaukar hoto mai kyau da hasken rana, ko rubuta bayanin kaya a fili, ko lissafi, ko gyaran murya a bidiyo. Rabin awa kowace rana ya isa. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake sayar da takalma yau, gobe turare, jibi ya koma koyar da kasuwanci, ba wanda zai san shi da kome. Ka kuma yi haƙuri da ƙaramin mafari. Hanyar da aka saba bi kafin YouTube ta fara raba kuɗin tallan dogayen bidiyo da mutum ita ce ya sami masu bin tasharsa 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. Da yawa sukan sa bidiyo biyar, su ga shiru, su ce Allah bai amsa ba. Manomi ba ya tone irin da ya shuka jiya don ya ga ko ya tsiro. Wanda ya yi aminci cikin ƙaramin abu, shi ake danƙa wa babba (Luka 16:10).

Mudun da ba a gani

A kasuwar gari mai saye yakan taɓa kaya, ya ɗaga yadi ya duba, ya ga mudu da idonsa. A kasuwar waya, hoto da maganarka kawai yake da su. Hotonka shi ne mudunka. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, yana kuwa jin daɗin na gaskiya. In ka ɗauko hoton kayan wani ka sa kamar naka, ka bubbuge gindin mudu. In ka gyara launin yadi da filta har ya bambanta da abin da za ka aika, ka bubbuge mudu. In ka ce saura ɗaya alhali ɗaki cike yake, in ka rubuta wa kanka shaidar yabo da sunan wani, in ka sayi mabiya na bogi, in ka kwashe rubutun wani ko zanensa ka sa sunanka, in ka sa kanun labarin ƙarya don a danna, duk mudu ɗaya ne. In ka karɓi kuɗin mutum ka ce kaya za su iso Talata, ka san kuwa ba ka ko saro su ba, ka yi ƙarya, ko da ayar Littafi Mai Tsarki ce a hoton fuskar shafinka.

Ka yi tunani a kan wannan. Yawancin masu sayenka ba za su taɓa shiga majami'armu ba. Waɗansunsu maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗansu sun bar zuwa sujada tun da daɗewa. Sun ga sunanka, sun ga kana sa waƙoƙin yabo a sitatus. Kai ne wa'azin da suke ji. Ranar da ka mayar wa mutum kuɗin da ya turo fiye da ƙima bisa kuskure, ka yi bishara. Ranar da ka cuce shi, ka rufe ƙofar da mu masu bishara za mu yi shekaru muna ƙwanƙwasawa.

Yanzu mu dawo kan tarkon Shemaiya, wato hanyar ratse da take zuwa da sunan Allah. A Disamba 2016 MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya, dubban iyalai suka yi kuka. A Afrilu 2025 CBEX ta rushe, aka sāke yin kukan. Yadda irin wannan tsari yake tafiya ba asiri ba ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka ragu kuwa sai ginin ya faɗi. Abin baƙin ciki, sau da yawa ɗan'uwa ne yake jawo ɗan'uwa, yana cewa buɗi ne daga Ubangiji. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni ba tare da ya nuna maka abin da ake saya ake sayarwa ba, ka gudu. Karin Magana 13:11 ta nuna dukiyar da aka samu a sauƙaƙe takan zube, wadda aka tara kaɗan kaɗan da aiki ita take ƙaruwa. Haka ma cacar ƙwallo a waya. Ba sana'a ba ce, rami ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga matasanmu kuma ina magana a fili. Damfara ta intanet sata ce, ko wanda aka cuta yana Amurka ko yana Ingila. Lambar 419 da kuke ji sashe ne na dokar laifuffuka a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, hukumar EFCC tana kama mutane a kai. Amma ko hukuma ba ta gan ka ba, ka tuna da Gehazi. Ya bi Na'aman a guje, ya shirya ƙarya, ya karɓi azurfa da tufafi, ya ɓoye a gida, ya shiga ya tsaya gaban Elisha kamar ba abin da ya faru. Da kuturta ya fita (2 Sarakuna 5). Kada ka kawo zakkar kuɗin damfara bagade kana tsammani za ta tsarkaka. Allah ba ya cin hanci. Ka tuba, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa kamar Zakka, ka zo mu nema maka sana'ar gaskiya.

Rumfar aro ce

Ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka na wajen awa shida. A shekarar nan kuma gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni har Janairun 2022. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk wanda shagonsa yake cikin waya kaɗai, a waɗannan kwanaki ya gane rumfar aro yake zaune. Ana iya rufe shafinka a dare ɗaya, ana iya sace wayarka a tasha. Saboda haka ka rubuta lambobin masu sayenka a littafi. Kada ka ba kowa lambar sirrin da aka turo maka, ko da ya ce daga banki yake. Kada ka saki kaya saboda hoton rasit, sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, gama alat na bogi ya yi yawa. In kasuwarka ta fara tsayuwa, ka yi wa sunanta rajista a hukumar CAC. Mai hikima yakan hango masifa ya kauce.

Darasin ya wuce na kasuwa. In darajarka tana rataye a kan yawan mabiyanka, ranar da suka ragu za ka rushe. Asaf ya faɗa a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga wadatar masu girmankai, sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah ya fahimci ƙarshensu. Abin da kake gani a shafin wani, abin da ya zaɓa ya nuna maka ne. Ba ka ga bashinsa ba, ba ka ga hawayensa ba. Ka auna aikinka na yau da naka na bara. Kafin ka sami mabiyi ko ɗaya, Yesu ya riga ya mutu dominka. Mai bi ne kai tun kafin ka zama mai mabiya.

Ka rufe shago

Shagon da ke tafin hannu ba ya rufe kansa, sai ka rufe shi. Allah ya yi aiki kwana shida ya huta a na bakwai, ya kuma umarci mutanensa su huta. Zabura 127 ta ce banza ne mutum ya riƙa sammako yana kwana a makare cikin wahala, gama Ubangiji ne yake ba ƙaunataccensa barci. Hutu shaida ce cewa ka gaskata Allah ne yake ciyar da kai. Na sha ganin 'yan'uwa suna amsa masu saye a tsakiyar wa'azi, kai a sunkuye kamar masu addu'a. Na ga uwa tana ba ɗanta abinci da hannu ɗaya, idonta a waya, yaron yana ba ta labari ba ta ji. Ɗan'uwana, odar da za ka rasa saboda awa uku na sujada ba za ta talauta ka ba. Yaranka kuwa ba za su sāke zama 'yan shekara biyar ba. Ka ajiye waya a lokacin cin abinci, da lokacin addu'ar iyali, da cikin sujada.

'Yar'uwar nan da na ba ka labarinta ta sayi littafi a makon nan. Bayan wata uku ta zo ta nuna mini. Lissafi ya bayyana cewa takalman da take alfahari da su hasara take yi a kansu, saboda yawan mayarwa in ba su yi wa mai saye daidai ba. Ta daina su, ta tsaya a kan atamfa da leshi. Ta kuma tuna da wata mata da ta taɓa aika wa yadin da bai kai na hoto ba, ta kira ta, ta roƙi gafara, ta mayar mata da bambancin kuɗin. Ba ta zama attajira ba tukuna. Amma jarinta ya daina raguwa, ta san ribarta, tana fitar da zakkarta da farin ciki, tana kuma barci. Addu'ar da muka yi a benci Ubangiji ya amsa ta, ta hanyar biyayya. Halleluya!

In kana karanta wannan ba ka taɓa ba Yesu rayuwarka ba, littafin lissafi zai gyara kasuwarka amma ba zai wanke zunubinka ba. Akwai wani lissafi da yake jiran kowane mutum, jinin Yesu ne kaɗai yake biyan bashin. Ka kira gare shi yau, ka nemi fasto ko wani dattijon ikilisiya ya yi addu'a tare da kai.

Abin yi a wannan mako

Ka duba yawan lokacin da ka yi a waya cikin kwana bakwai da suka wuce, ka kawo shi gaban Ubangiji. Ka sayi littafin lissafi kafin Lahadi. In akwai wanda ka cuta ko kake riƙe da haƙƙinsa, ka kira shi kafin rana ta faɗi.

Mu yi addu'a

Ya Uba na sama, na gode maka domin sana'ar da ka danƙa a hannuna. Ka gafarta mini lokacin da na ɓatar, da ƙaryar da na yi don riba, da safiyoyin da na ba waya maimakon in ba ka. Ka cika ni da Ruhun hikima da gwaninta kamar Bezalel. Ka ƙarfafa hannuwana kamar Nehemiya, kada in sauka filin Ono. Kowane ruhun ragwanci, da kwaɗayi, da kishi, na tsawata maka cikin sunan Yesu. Ka sa mudun da nake awo da shi ya zama na gaskiya a ɓoye da a fili. Ka albarkaci aikin hannuwana domin iyalina su ci, mabukata su samu, bishara ta ci gaba. A ranar lissafi, bari ka same ni bawa mai aminci. Cikin sunan Yesu Kristi na roƙa. Amin.